Yadda Za Mu Rubuta Tallan Hajarmu Don Mai Nema Ya Same Mu A Intanet

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar hatsi ya gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Badun



An umurce ni in yi magana a kan talla ta intanet. To, ni ba injiniya ba ne, ɗan kasuwa ne, saboda haka da bakin kasuwa zan yi bayani.

Kowa a nan ya san yadda kakanninmu suka kafa ciniki a ƙasar Kurmi. Baƙo ya taho da shanu daga Arewa ya sauka a gidan fatoma, dillali ya haɗa shi da mai saye, a ba dillali la'adarsa. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 abubuwa suka fara sauyawa. Yau matar da ke da gidan abinci a Mokola, in tana son buhun wake, ba lalle ta tako Bodija ba. Sai ta ɗauki waya ta rubuta abin da take so a Google. Wato Google ya zama sabon dillali. Amma fa dillali ne wanda bai taɓa shiga rumfarka ba. Abin da aka rubuta game da kai, shi kaɗai ya sani.

Jama'a, abin ba na wasa ba ne. Bayan rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, 'yan'uwanmu da yawa masu tumatir da albasa sun sauya wurin zama. Wanda abokan cinikinsa rumfa kawai suka sani, da ya tashi sai neman sa ya yi musu wuya. Bugu da ƙari, akwai yaran da ba su da ko tiya guda ta wake, amma sun iya rubutu. Su ɗauki hoton kayanmu su sa a intanet, mai saye ya same su, su zo su saya a hannunmu su ɗora ribarsu. Ban ce sun yi haramun ba. Amma kayan namu ne, ciniki ya koma nasu.

Yadda abin yake aiki shi ne, Google yana da na'urori masu zagaya intanet dare da rana suna karanta rubutu suna ajiyewa. In mutum ya yi tambaya, sai a duba cikin ajiyar a fito masa da abin da ya fi dacewa da kalmominsa. Don haka saƙon murya da muke yawan turawa ba ya shiga lissafi. Hoton da ka sa a sitatus na WhatsApp kuwa, masu lambarka kaɗai ke gani, bayan awa 24 ya ɓace. Wanda bai san ka ba, ba zai same ka ta nan ba. Inda ake samun mutum shi ne irin su taswirar Google, inda ake rajistar shago kyauta, da Jiji, da Facebook in ka buɗe na kasuwanci.

To, me za a rubuta? Wannan shi ne gundarin maganata: ka rubuta da kalmar mai saye, ba da taka ba.

Mu muna cewa attarugu, Bayarabiya rodo take nema. Muna cewa tattasai, ita tatashe za ta rubuta. Albasa alubosa ce a wurinta, wake ewa ne, kuma ba wake kawai take so ba, oloyin take so ko wani iri daban. Aya, Bayarabe ofio yake ce mata, Ibo kuwa da sunanmu ma yake kiran ta, aki awusa. Kazalika awo. Mu mun tashi da mudu da tiya, mutumin garin nan kongo ya sani, na Ikko kuma derika. Har sunan gari ma haka ne. Mu a bakinmu Badun ne, amma ba mai sayen da zai rubuta Badun. Ibadan za ka sa. Saboda haka a yi tallan da Turanci mai sauƙi, a haɗa da sunan kayan na Yarbanci. Na Hausa kuma a yi shi daban don 'yan'uwa.

In kana son sanin abin da mutane ke rubutawa, ga dabara wadda ba ta cin ko kwabo. Fara rubuta sunan hajarka a Google, kafin ka gama zai jero maka ƙarashen maganar. Yawancin abin da ya jero, abin da mutane suka saba nema ne. Sannan ka tuna tambayoyin da ake yi maka a rumfa kullum: Nawa ne? Sabo ne ko na bara? Kongo nawa ne a buhu? Kuna kai wa gida? Amsar waɗannan ita ce tallanka.

Kan magana kuma ya zama gajere, don mai tsawo yanke shi ake yi a fuskar waya. Sunan kaya, irinsa, awo, wuri. Alal misali: wake oloyin, buhu da kongo, kasuwar Bodija, Ibadan. Ba a fara talla da "Alhaji da 'Ya'yansa, Amintattun 'Yan Kasuwa". Ba wanda ke neman wannan sai wanda ya riga ya san Alhaji. A ƙasa sai ka sa layin da rumfarka take, lokacin buɗewa da rufewa, har da cewa kana rufewa don sallar Juma'a, da lambar waya guda wadda ake ɗauka. In ka sa farashi, sa kwanan wata, ku kun san yadda kasuwar hatsi take hawa da sauka. Kowace haja a yi mata nata bayanin, kada a cakuɗa gero da citta da dabino a layi ɗaya. Masu raguna kuma kada ku bari sai ana gobe Sallah, domin sabon rubutu yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya fito.

Sai gargaɗi. Wasu samari za su ce maka a maimaita kalma ɗaya sau talatin, ko a kwafo rubutun wani a liƙa. Google ya daɗe da gane wannan, tun 2011 ya tsananta a kan rubutun kwafe da marar amfani, yana mai da shi baya. Wasu kuma za su ce ka biya a rubuta maka yabon ƙarya kamar daga bakin abokan ciniki. Malamai suna nan, in na kauce su gyara mini: a Islamiyya an karantar da mu haramcin najashu, wato mutum ya riƙa ƙara wa kaya kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don kawai a ruɗi mai saye. Ni ban ga nisa tsakanin wannan da wancan ba. Haka sa hoton ragon da ba shi za ka bayar ba, algus ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a intanet wanda aka cuta yakan rubuta, rubutun ya zauna kowa ya gani. Yabo na gaskiya kuwa yana da amfani, don Google da kansa ya bayyana cewa wajen jero shagunan kusa yana duba dacewa, da kusanci, da kuma shahara. In ka sallami mutum ya ji daɗi, roƙe shi ya rubuta.

Shawarata ga ƙungiya ita ce a zaɓi samarinmu masu ilmin boko su zauna da dattawa rumfa-rumfa. Dattijo ya faɗi abin da ya sani na haja, yaro ya rubuta, a karanta masa ya amince kafin a sa. Rajistar kuma ta kasance da sunan mai shago da lambarsa, ba ta yaron ba, gudun rigima gobe.

Arziki na Allah ne, amma an umurce mu da nema. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.