Shinkafar Kura tana da nata maganin feshi

Yau gona za mu shiga, can yankin Kura da Bunkure inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa rani da damina.

Kun san shinkafa tana haɗa maganinta da kanta? A 1973 masana a Japan suka ciro wani sinadari daga buntun shinkafa, suka sa masa suna momilakton, don "momi" a yarensu na nufin shinkafa cikin ɓawonta. Idan cutar funfuna ta kama ganye, irin wadda ke barin tabo mai kama da ido, ta sa zangarniya ta yi fari fat babu ƙwaya, sai shukar ta ƙara yawan sinadarin a wurin don ta tare ta. Saiwarta kuma tana zubo shi cikin ruwa da ƙasa ya danne tsiron ciyawa. Abin da ya fi ba ni mamaki, an gwada an ga tana ƙara zubo shi idan ciyawar da ke gasa da ita ta matso kusa. Kamar dai ta ji motsin ɓarawo a bayan katanga! Dawa ma tana da irin nata a saiwa.

To amma kar wani ya ce na ce a ajiye tankin feshi. Wannan makamin shi kaɗai ba ya share gona, kuma ba kowane irin shinkafa ke da shi da ƙarfi ba. Nan ne damuwata take. Muna zaɓen iri saboda yawan buhu da saurin nuna, ba mai tambayar wanne ya fi iya kare kansa. Shi kuma matashin da ake ɗauka feshin maganin ciyawa, sai ka gan shi ba safar hannu, ba takunkumi, ƙafa cikin ruwan da ake wanki da shi a ƙasan kwata.

Shi ya sa nake kira ga masu bincike a Samaru da Jami'ar Bayero: ku gwada irin da ake shukawa a Kadawa, ku faɗa wa manomi da Hausa wanne ya fi danne ciyawa. Ko feshi ɗaya ya ragu a shekara, kuɗi ne a aljihu, lafiya ce a ƙirji.

Manoman da ke saurare, wane iri kuka lura ciyawa ba ta cika damunsa ba? Ku rubuto mana sunansa da garinku.