Sammore: Abin da Jinin Namun Daji Ya Ɓoye

 

An nemi mu ɗan yi bayani a kan wata cuta wadda duk wanda ya taɓa sa kuɗinsa a kara ya san ɗacinta, wato sammore. Mun san yadda abin yake. A sauke bijimi daga mota yana ƙyalli, a ce bari a jira kasuwa ta yi kyau, a tura shi kiwo bakin rafi. Kafin a ankara gashinsa ya tashi, ido na hawaye, kaluluwa ta kumbura, haƙarƙari ya fito. Idan an yanka, jini tsararo. Riba ta tafi, wani lokaci har da uwar kuɗi, alhali kuwa dabbar ta wani bafatake ce da ya bar mana amana.

Wannan cuta ta shafi tarihin zamanmu a Kurmi. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo ta Badun, ya nuna a littafinsa na 1969 cewa shanun Arewa ba sa jure dogon zama a nan saboda ƙudan tsando, don haka dole a sayar da su da gaggawa, galibi bashi. Wannan na cikin dalilan da suka ƙarfafa tsarin mai gida da dillali da muka gada. To, daga ina cutar take fitowa?

Wanda ya fara warware wannan shi ne wani likitan sojan Ingila, David Bruce. A shekarar 1894 aka tura shi ƙasar Zulu, a Afirka ta Kudu, inda shanu ke mutuwa da cutar da mutanen wurin ke kira nagana. Ya sauka a kan tsaunin Ubombo tare da matarsa Mary, wadda ita ce mataimakiyarsa a aikin. Ya tarar da magana biyu. Makiyayan Zulu sun ce namun daji ne ke kawo cutar, duk inda suka yawaita shanu ba sa rai. Turawa mafarauta kuma suka ce a'a, cizon ƙuda ne.

Bruce bai raina maganar kowa ba. Ya ɗebi jinin shanu marasa lafiya ya duba a madubin likita, sai ya ga wata 'yar halitta siririya tana wutsil-wutsil a tsakanin ƙwayoyin jini. Ya ɗura wannan jini a jikin karnuka da dawaki, suka kamu. Daga nan ya riƙa gangarawa da dawaki masu lafiya zuwa kwarin da tsando yake, ya hana su ci ya hana su sha a can, ya komo da su kan tsauni, suka kamu. Ya kamo ƙudajen ya hau da su tsauni, ya bari suka ciji doki, shi ma ya kamu. Maganar mafarauta ta tabbata ke nan.

Saura maganar makiyaya. Sai ya sa aka harbo namun daji, ya ɗebi jininsu ya ɗura wa karnuka. Jama'a, a nan abin mamakin yake. Jinin ɓauna da na mazo da na kura da wasunsu ya sa wa karnuka cutar, alhali dabbobin da aka harbo lafiyarsu lau, da ƙibarsu. Ma'ana, ƙwayar cutar tana zaune a jinin naman daji ba tare da ta kayar da shi ba, domin sun daɗe tare sun saba da juna. Tsando ya sha jinin mazo, ƙwayar ta girma a cikinsa, ya zo ya ciji saniya wadda ba ta saba ba, sai ta kwanta. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, bincike ya haɗa su. A 1899 aka raɗa wa wannan ƙwaya sunan Bruce, kuma tana cikin manyan iri uku da ke kama shanu a Nijeriya.

Amma ilimi in ya zo rabi, ɓarna yake yi. Da hukumomin mulkin mallaka suka ji cewa namun daji ne rumbun cutar, sai suka ce a ƙarar da su. A Rodeshiya ta Kudu, wadda yanzu ake kira Zimbabuwe, an yi shekaru wajen arba'in daga 1919 ana harbi, aka kashe dabbobi dubban ɗaruruwa.

Daga baya wani masanin, Bernard Weitz, ya ɗauki wata hanya. A shekarun 1950 aka riƙa kama tsando a ƙasashen Afirka, ana matse jinin da ya sha a kan takarda, ana aika masa Ingila yana gano jinin wace dabba ce. Ya duba fiye da 20,000, ya fitar da sakamako a 1963. Sai ga shi tsando yana da zaɓi. Na cikin daji ya fi son mugun dawa da mazo da ɓauna, da wuya ya taɓa jakin dawa ko kanki ko da sun cika wurin. Na bakin rafi kuwa, irin wanda ya fi yawa a nan Kurmi, ba ya ƙin kada da guza da mutum, kuma a ƙauyukan da ake kiwon alade yakan koma kansu. Kun ga ashe an kashe dabbobi da yawa da ba ruwansu. Kuma ƙudan da ke rayuwa a kan guza, wa zai harbe masa abinci?

A gida Arewa an bi wata dabara. Lokacin da ciwon barci, wanda ɗan'uwan sammore ne a jikin mutum, ya addabi ƙasar Zazzau a shekarun 1930, masanin ƙwari T. A. M. Nash da abokan aikinsa sun lura tsandon rafi ba ya rayuwa sai da inuwa da laima. Sai aka sare duhuwar bakin rafuka a yankin Anchau, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Har yau akwai cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna, da reshenta a Vom.

A shekarun 1970 kuma, Glyn Vale ya yi aiki a kwarin Zambezi, ya nuna cewa warin dabba yana jawo tsando daga nesa. Bincike ya tabbatar shuɗin ƙyalle yana jawo shi, baƙi kuma a kansa yake sauka. Daga nan aka inganta tarkon yadi mai shuɗi da baƙi wanda ake jiƙawa da maganin ƙwari. Abin da ya sa yake aiki shi ne tsando ba ya zuba ƙwai kamar ƙudan gida. Macen tana haifar tsutsa ɗaya tak, kusan duk kwana 10. Idan ana kashe kaɗan kullum ba fashi, zuriyar sai ta karye.

To, 'yan'uwa, me za mu ɗauka mu tafi da shi gida? Abu huɗu ne.

Na farko, tunda rumbun cutar yana daji, allura ba ta ƙarar da ita. Ka yi wa sa allura yau, ka mai da shi duhuwar rafi gobe, ka mai da shi bakin ƙuda. Mu gaya wa yaranmu masu kiwo su shayar a fili inda aka share, su bar wurin da zarar dabbobi sun sha, kada a yi zaman inuwa a can.

Na biyu, maganar allura. Berenil da Samorin da muke dogara da su, tun shekarun 1950 da 1960 aka fito da su, kuma a ƙasashe da dama an tabbatar ƙwayar ta fara jin su kamar ruwa. Mu ne muke koya mata. Ƙullin da ya kamata a ba sa ɗaya a raba wa uku don tsimi, ko a dama da ruwan kwata, ko a sayi na jabu saboda araha. Araha ba ta ado. A kira likitan dabbobi ya auna gwargwadon nauyin dabba. Kuma ba kowace rama ce sammore ba, akwai tsutsar ciki, akwai ciwon hanta, akwai na kaska. Gwajin jini ne ke rarrabewa.

Na uku, ga mahautanmu. Dabbar da aka yi wa allura tana da kwanakin da za a jira kafin a yanka ta ko a sha nononta, suna rubuce a jikin takardar maganin. Mu da 'ya'yanmu da maƙwabtanmu ne masu cin naman nan, kuma sunan Bahaushe ne a kan teburin. Mu ji tsoron Allah.

Na huɗu, masu son ajiye dabba a nan ta daɗe, su dubi shanu irin su Muturu da Keteku da Ndama. Ƙanana ne, ba su da kwarjinin Bunaji ko Bokolo, amma sun fi jure cutar, kamar dai namun dajin da Bruce ya gwada. Masu Bunaji kuma su sani an gano tsando ya fi sauka a ƙafafu da cikin dabba, don haka fesa maganin ƙwari a waɗannan wurare yana rage kashe kuɗi. Tarko kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon shugabannin kara su zauna da jami'an dabbobi na jiha a kan yadda za a kafa shi a mashayarmu, a kuma sa wanda zai riƙa kula da shi.

Daga ƙarshe, mu tuna makiyayan Zulu ba su taɓa ganin madubin likita ba, amma lurarsu ta zama gaskiya da aka gwada ta. Dattawanmu da suka koro shanu a ƙasa ta Jabba da Ilori su ma sun san dajin da ba a kwana a cikinsa. Muna kira ga 'ya'yanmu da ke makaranta su zauna da su su ji, wasunsu kuma su karanci likitancin dabbobi, domin wannan zango ya samu nasa.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da amanar mutane, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, kuskurenmu Ya yafe mana.