Ragar da ke Shan Ruwa da Zafin Ƙasarmu



Mu da muka tashi a Yankara, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, mun san halin lakar fadama: da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta ƙanƙance ta tsattsage. To, masana kimiyyar sinadarai sun haɗa wani abu mai irin wannan hali, wanda suke kira haidirojel. Dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, an ƙuƙƙulle su kamar ragar masunta, ruwa yana shiga ya zauna a tsakaninsu.

Akwai wani irinsa mai suna PNIPAM da ke jin zafi. Tun 1968 Heskins da Guillet suka nuna cewa zarensa yana juya hali a wajen digiri 32. In ba a kai nan ba, ragar takan cika ta yi tibis. Da zarar an wuce, sai ta matse ta amayar da ruwan, ko da kuwa tana tsundum a cikinsa. Dalili shi ne kowace gaɓa ta zaren tana da ɓangare mai son ruwa da wani mai gudunsa, kamar yadda mai yake yi. Zafi na ƙaruwa, masu gudun ruwan sai su dunƙule wuri guda.

Watau sirrin yana cikin haɗi. A ƙara sinadari mai son ruwa, ragar ba za ta matse ba sai zafi ya haura 32; a ƙara mai gudunsa, ta matse tun kafin nan. A yawaita ƙulli, kumburi ya ragu. Gishiri ma yana rage shi.

Ga inda abin ya shafe mu. Ana tallar wasu ire-iren haidirojel ga manoma don su riƙe wa shuka laima, alhali takin zamani kansa gishiri ne, kuma zafin bazararmu yakan kai digiri 40. Abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji mai sanyi, da tataccen ruwa, yana iya ba manomin masara kunya a Faskari ko Sabuwa. Kafin iyayenmu su zuba kuɗin amfanin gonarsu, wajibinmu ne mu gwada shi da ruwan rijiyarmu, da ƙasarmu, da ranarmu. In ba mu yi ba, wa zai yi?

 Allah ya ba mu damina mai albarka.