Ƙungiyoyinmu Na Kurmi Da Shirin Gobe

(Jawabin da aka gabatar a Yelwa, Bauci, gaban wakilan ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kurmi waɗanda suka zo gida hutun Salla.)



An umurce ni in yi magana a kan yadda ƙungiya take hango abin da ke tafe, ta yi masa shiri tun bai iso ba. Ba sai na tafi nesa neman misali ba, domin kuwa garin nan na Bauci yana cikin wuraren da suka fara koya wa Arewa wannan darasi.

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka kafa wata majalisar tattaunawa a nan, wadda Turawa suka kira Bauchi Discussion Circle. Cikin manyanta akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, biyun ƙarshe kuwa malamai ne a Midil ta Bauci. Ba su da ofis, ba su da wata dukiya. Abin da suke yi shi ne a tsai da batu guda, a zauna a yi ta muhawara a kansa: mulkin En'e, da sha'anin ilmi, da inda ƙasa za ta dosa in yaƙi ya ƙare. Tambayoyinsu suka yi wa hukuma zafi, majalisar ba ta daɗe ba aka rufe ta. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Da tsarin mulki na Gwamna Richards ya zo, aka buɗe majalisa a Kaduna, Malam Abubakar yana cikin wakilan farko, ya shiga kuwa da sanin abin da zai faɗa. Malam Aminu ya komo daga Ingila ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. A 1949 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta na farko a Kaduna, a 1950 aka kafa NEPU a Kano. Mutanen nan daga baya sun sha bamban a siyasa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma canji bai sami ko ɗayansu yana barci ba. Ba duba suka yi ba. Sun dai mai da tambayar gobe aikin da ake keɓe wa lokaci.

To, mu koma inda akasarinmu muke neman abinci. Sabo ta Badun an kafa ta tun 1916, kuma shekara da shekaru Bature ne ya tsaya wa Sarkin Hausawa, ya amince da ikonsa a kan unguwa, da fataucin goro da na shanu. A farkon shekarun 1950 siyasar jam'iyyu ta zo, aka sake tsarin hukumomin gargajiya a Jihar Yamma, wannan ginshiƙi ya zame. Iyayenmu na Sabo suka sake wa kansu wani. Jama'a da yawa suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, suka kuma tsai da Juma'arsu a cikin unguwa a 1952, haɗin kan da ke riƙe da amanar bashi tsakanin mai gida da dillali da baƙon falke bai wargaje ba. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikinsu ya rubuta littafi a kan haka, ya fito a 1969. Ni a ganina dabarar tana da tsadarta, domin ta ƙara tazara tsakaninsu da Yarabawa masu masauki. Duk da haka sun gane ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsu, sun kuwa yi wani abu.

Yanzu sai mu auna kanmu, in kuma na taka sawun wani a yi mini gafara. Babu sana'ar da ta ɗebi samarinmu zuwa Ikko kamar acaɓa. A 2006 aka hana ta a tsakiyar Abuja. A 2012 gwamnatin Ikko ta kafa dokar da ta haramta ta a kan hanyoyi 475. A watan Janairu na 2013 Kano ma, watau gida, ta hana ɗaukar fasinja a babur. A watan Fabrairu na 2020 Ikko ta ƙara matsawa, sa'an nan ran 1 ga Yuni 2022 ta hana gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, aka riƙa kama babura ana murƙushe su da inji. Daga 2012 zuwa 2022 shekara goma ke nan cur. Wace ƙungiya ce a cikinmu ta zauna a cikin shekarun nan goma ta ƙidaya 'ya'yanta masu acaɓa, ta tambayi kowannensu abin da ya iya ban da tuƙi? Nawa muka kai wurin koyon walda, ko gyaran waya, ko tuƙin mota da lasin na gaskiya? Abin da na gani da idona shi ne har dab da ranar hanin ana karɓar kuɗin tikiti kullum safiya, ana kuma ba yara babur bashi, su biya da kaɗan-kaɗan. Wasu sun komo gida ba babur, bashi kuwa yana wuyansu.

Haka sha'anin kuɗi. Tun watan Janairu na 2012 Babban Banki ya fara gwajin rage amfani da tsabar kuɗi, a Ikko ma aka fara. Muka ce wannan na 'yan boko ne. Da aka sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, tsaba ta ɓace a farkon 2023, masu tumatir da tattasai a Mile 12 suka ga kayansu yana ruɓewa saboda mai saye ba shi da tsaba, mai sayarwa ba shi da asusu.

Kada a ce na raina aikin ƙungiyoyinmu. Wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa a baƙon wuri ya san darajar mutanen da ke tashi da tsakar dare su nemo likkafani, su kuma tsaya a maƙabarta. Wanda aka taɓa yin belinsa ya sani. A ranakun tashin hankali, a Shagamu 1999, da Idi-Araba 2002, da Sasa 2021, su ne suka tattara mata da yara. Amma duk wannan aikin bayan aukuwa ne. Asusunmu guda ne, na jana'iza da beli, zamanmu kuwa ba ya tashi sai an yi mutuwa, ko rikici, ko zaɓen shugabanni.

Shawarata ita ce, ko wace ƙungiya ta tsai da zama guda duk wata uku wanda ba a karanta lissafin kuɗi a cikinsa, ba a sasanta rigima, sai tambaya ɗaya: mene ne gwamnati, ko kasuwa, ko masu masaukinmu suke shirin yi wanda zai taɓa abincinmu? Dokoki ba daga sama suke faɗowa ba. Ana muhawara a kansu a majalisar jiha, ana bugawa a jarida, wani lokaci har a kira jama'a su faɗi ra'ayinsu, kujerarmu kuwa ta zauna ba kowa. A naɗa mutum biyu masu karatu, aikinsu ke nan su bi waɗannan labarai su kawo wa zama da Hausa. Ba mu rasa su ba. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa nan kusa da inda muke zaune, 'ya'yan fatake da masu gadi da yawa sun yi karatu a cikinta. Sai dai in yaro ya kawo labari mara daɗi, dattawa su daure su saurara, kada a ce masa yaushe aka haife shi.

Sa'an nan a buɗe littafin rajista na gaske, mai sunan kowa da garinsu da sana'arsa da abin da ya iya. A kuma raba asusu biyu, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne a ware domin wanda sana'arsa ke shirin mutuwa ya koyi wata.

In kuna neman batun da za ku fara da shi, ga guda biyu. A 2022 gwamnatin Ikko ta aza harsashin wata babbar cibiyar tara kayan abinci a Epe. In kayan Arewa suka koma sauka can, ina makomar dillali da ɗan dako na Mile 12, wa kuma zai yi magana da yawunsu wajen rabon rumfuna? Na biyu, a 2021 gwamnonin Kudu sun haɗu a Asaba suka yanke shawarar hana kiwon sake, jihohi da dama kuwa suka mai da ita doka. Da ma an daɗe ana maganar a riƙa yanka shanu a Arewa a kai nama cikin motocin sanyi. Ranar da haka ta kankama, mahautanmu na Oko-Oba da masu rakiyar shanu a tirela za su so a ce ƙungiyarsu tana da hannu a cikin motocin. Ina roƙon magatakarda ya rubuta waɗannan batutuwa biyu, kowane wakili ya koma da su reshensa, in Allah ya kai mu Salla mai zuwa a zo nan da amsa a rubuce.