Sarkin Dawaki uku a Kano: wanne ne namu na Gabasawa?

Daga Zakirai nake magana kamar kullum, kuma yau zancen sarauta za mu yi, amma sai mun fara leƙawa Ingila kafin mu dawo gida.

Da yawanmu mun saba jin Sir Ahmadu Bello, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sir Kashim Ibrahim. Wannan "Sir" ɗin lambar girma ce ta mutum ɗaya. Ranar da aka kai shi makwanci, ta bi shi, ɗansa ba ya gado. To amma Turawan Ingila suna da wani "Sir" na daban wanda ake gada, sunansa baronet. Sarki James na Ɗaya ne ya ƙirƙiro shi a 1611, kuma dalilinsa kuɗi ne tsagwaronsu. Yana neman abin da zai riƙe sojoji a arewacin Ailan, sai ya ce duk mai asali da dukiya da ya biya fam 1,095, wato kuɗin ɗawainiyar soja 30 na shekara uku, za a ba shi wannan sarauta, ɗansa ya gada, jikansa ma ya gada. Masu cewa sayen sarauta halin mutanenmu ne na yanzu, ga inda aka yi shi da farashi a rubuce.

Da aka yi ta bayarwa shekara da shekaru, sai sunaye suka riƙa cin karo. Ɗauki sunan Smith. Ma'anarsa maƙeri, kuma kowa ya san ba duk maƙeran duniya ne suka haɗa kaka ba. An yi gidajen baronet da dama masu wannan suna, waɗansu ko sanin juna ba su yi ba. Yadda suke rabewa shi ne a liƙa wa kowace sarauta sunan wuri: Smith na Crantock da aka naɗa a 1642 daban, Smith na Isleworth na 1694 daban. In gida ɗaya ya rasa ɗa namiji, sarautarsa ta mutu kenan. Wani Smith ba zai taso daga wani gari ya ce ai sunanmu ɗaya, a ba ni ba. An dai yi ta samun masu gwada hakan, har sai da aka buɗe rajista ta hukuma a 1910. Daga lokacin, in sunanka ba ya ciki, ko me kake kiran kanka a gida, gwamnati ba ta san da kai ba.

To mu dawo gida. A Kano akwai Sarkin Dawaki Mai Tuta, akwai Sarkin Dawakin Tsakar Gida, akwai kuma Sarkin Dawaki Babba. Matasa da yawa in sun ji "Sarkin Dawaki" a rediyo sai su ɗauka mutum ɗaya ake nufi, ko kuma gida ɗaya. Ba haka ba ne. Abin da ya biyo bayan sunan shi ne maganar, kamar dai Crantock da Isleworth ɗin can.

Sarkin Dawakin Tsakar Gida sarauta ce da aka saba ba 'ya'yan sarki, Aminu Ado Bayero ma ya riƙe ta kafin ya zama Wambai. Wadda ta shafe mu a nan ƙasar Gabasawa ita ce ta Mai Tuta, domin da hakimcinmu aka san ta. Tutar da ake magana kuwa ta jihadi ce, wadda ta zo wa Fulanin Kano daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Malam Jamo ne ya riƙe ta, Basullube, yayan Ibrahim Dabo. Dabo ya hau gadon sarautar Kano a 1819, kuma tun daga shi duk sarakunan Kano zuriyarsa ne. Zuriyar Jamo kuma aka bar musu tuta. Kun ga abin: dukkansu Sulluɓawa ne, wa da ƙane, amma gidan ƙanen yana yin sarki, gidan wan kuma yana cikin masu zaɓen sarki. Kai ka ce "ni Basullube ne" bai gaya wa kowa wace kujera kake da haƙƙi a kanta ba, ko ma ko kana da shi.

Masu zaɓen nan huɗu ne a al'adar Kano, kowanne da gidansa. Madaki na Yolawa, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa, sai Sarkin Dawaki Mai Tuta. Marigayi Sarkin Bai Mukhtar Adnan, hakimin Dambatta, ya haura shekara 60 a kan tasa kujerar.

Inda muka sha bamban da Turawa shi ne hanyar gadon. Su babban ɗa namiji ne kawai, ko malami ne ko sakarai, ba mai tambayar halinsa. Mu gida ne ke da haƙƙi, amma sarki ne ke ɗaura rawani. Zai iya ba ɗa, zai iya ba ƙane, zai iya tsallakawa ɗakin ɗan baffa. Ni a ganina namu ya fi ta wannan fuskar: sarauta ba ta mutuwa don mutum bai haifi namiji ba, kuma ana iya kauce wa wanda bai dace ba. Amma fa wannan faɗin shi ne ƙofar rigima, saboda duk gidan da ya kai shekara 200 yana da ɗakuna da yawa, kuma kowane ɗaki yana da nasa labarin yadda aka yi.

Wanda ya ɗaura rawani kuma yana iya kwance shi, mu 'yan Gabasawa shaida ne. A 2003 marigayi Sarki Ado Bayero ya sauke Aminu Babba Ɗan'agundi daga sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta da hakimcin Gabasawa. Ya tafi kotu. Shari'ar nan ta ci kusan shekara 17, sai a 2020 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa masarauta ce da gaskiya. Bayan haka Sarki Aminu Ado ya naɗa shi Sarkin Dawaki Babba. Wato mutum ɗaya ya amsa "Sarkin Dawaki" sau biyu, amma sarautu biyu ne mabambanta. Ba zan shiga batun wa ya kyauta wa bai kyauta ba, kowa a garin nan da ra'ayinsa, kuma ina so in ci gaba da zama lafiya a majalisa.

Kada ku ɗauka rajista ta raba Turawa da shari'a. A 2016 an kai ƙarar gidan Pringle na Stichill, sarautar baronet ta ƙasar Sikotlan da ta faro tun 1683, gaban manyan alƙalan majalisar Sarauniya. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa baronet na tara ba ɗan cikin na takwas ba ne, alhali duka biyun sun daɗe da mutuwa. Alƙalai suka karɓi gwajin, sarauta ta bar ɗakin da ya riƙe ta kusan shekara ɗari, ta koma hannun wani ɗan uwansu akanta. A wajenmu wannan ƙofa ba ta buɗuwa haka, tunda a shari'ar Musulunci yaron da aka haifa cikin aure na mijin ne.

Abin da ya sa na ga zancen ya shafe ku matasa shi ne yadda muke sa suna yanzu. Makaranta da katin ɗan ƙasa sun tilasta mana suna na uku, kowa ya ɗauki abin da ya samu. Wani sunan garinsu, wani unguwa, wani sarautar kakansa. Ɗan'agundi ma ai sunan ƙofa ne da unguwa a birni. Ka shiga Facebook za ka ga Madaki, Makama, Galadima birjik, alhali kakan wani Galadiman wani ƙaramin gari ne, wani kuma kakansa bara ne a gidan, aka riƙa kiransa da sunan ubangidansa. Babu abin kunya a ko ɗaya. Amma nan da shekara 50, jikan da ya tashi ya ga Makama a takardarsa zai rantse shi Bajoɓe ne na Wudil, kuma tsohuwar da za ta ce masa a'a ta riga ta kwanta dama.

Mu rajistarmu tana bakin tsofaffi da maroƙan fada. Saboda haka ga aikin da nake roƙon masu sauraro na ƙasar Gabasawa: duk wanda gidansu ke da dagaci ko mai unguwa, ya zauna da mafi tsufa a gidan, ya kunna waya, ya tambaye shi wa ya fara riƙewa, wa ya gaje shi, ɗa ne ko ƙane, kuma a zamanin wane sarki. In an sauke wani a tsakani, a faɗa, kada a tsallake shi don kunya. Wanda ya yarda a karanta nasa a shiri, ya turo mana ta akwatin saƙo, za mu fara da na garuruwan da ke kusa da Zakirai a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.