Jawabin Ƙaddamar da Shirin Ɗalibai na Kula da Ruwa a Kafur



Na san a wannan taro akwai mai cewa a ransa: mu da masara da auduga muka sani, ina ruwanmu da teku? Tambayar tana da hujja, amma amsarta na cikin taswira. Kogin Sakkwato daga yankin Funtuwa yake tasowa. Ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima, ya wuce Argungu, ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta bi ta Kainji da Lokoja har ta zube a Tekun Atilantika. Ashe duk abin da damina ta wanke daga gonakin wannan yanki yana da inda zai je. Ragowar taki kan haifar da gansakuka mai shaƙe kifi, ledar kasuwa kuwa ba ta ruɓewa a hanya. Can ƙasa akwai ayu, dabbar nan da muke ji a bakin Sarkawa, wadda yawanta ke raguwa, akwai kuma dazuzzukan bakin teku inda kifi ke ƙyanƙyasa.

Wani zai ce to, manomi ya daina sa taki da feshi ke nan? Ko kusa. Wanda bai ƙoshi ba ba zai saurari zancen ayu ba, kuma ba shi da laifi. Abin da ilimi ke nema ma'auni ne: kada a wuce adadin da malamin gona ya faɗa, kada a wanke injin feshi a rafi, kada a zuba guba a kududdufi don kama kifi, kamar yadda aka daɗe ana yi da Gamalin, maganin da yarjejeniyar Stockholm ta sa cikin jerin haramtattu a 2009. Kuma kiyaye ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kabawan Argungu kan hana su a kogin Matan Fada har lokacin bikin kamun kifi, shi ya sa ake samun giwan ruwa masu girma. Masu bincike a cibiyar nazarin kifi ta New Bussa lissafi kawai suka ƙara a kan wannan hikima.

Ɗalibai, aikinku shi ne ku riƙa ɗibar ruwan rafukanmu rani da damina, ku auna, ku rubuta, ku kai wa iyayenku sakamakon cikin ladabi. Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan shiri.