Matattun Ruwaye: Daga Bakin Kogin Mississippi Zuwa Ramin Tarwada

Mai girma shugaban taro, malamaina, abokan aiki, jami'an ma'aikatu, 'yan ƙungiyar masu kiwon kifi da ɗalibanmu: Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka a yi mini afuwa in shiga magana kai tsaye.

Duk taron da aka kira kan kifi a ƙasar nan, lissafi ɗaya ake karanta mana: Najeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, saboda haka a haƙa ramuka, a raba 'ya'yan kifi, a cike giɓi. Ban ƙi a cike giɓi ba. Jayayyar da na daɗe ina yi da 'yan'uwana masana da jami'anmu ita ce, kowa ya iya ƙirga kifin da aka kwaso daga rami, amma ba mai son ƙirga abin da ya bi magudana ya fita. Wannan abin da ke fita shi ne ya kashe ruwayen ƙasashen da suka riga mu, kuma ba mu da wani laya da zai hana shi kashe namu.

Ba sai na ɓata lokaci kan yadda ruwa ke mutuwa ba, mafi yawanku kun karantar da shi. Naitirojin da fosfaros su shiga ruwa fiye da kima, gansakuka ta yi ƙiba ta rufe sama, ta mutu ta nutse, ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da ita, garin ruɓarwar su shanye iskar oksijin da ke ƙasa. Da zarar ta gaza miligiram 2 a kowace lita, kifi mai ƙarfin iyo ya gudu, kaguwa da tsutsotsin ƙasa da duk mai rarrafe su mutu a inda suke. A 2008 Robert Diaz da Rutger Rosenberg sun wallafa a mujallar Science cewa irin waɗannan wurare sun haura 400 a gaɓoɓin tekun duniya, faɗinsu ya zarce murabba'in kilomita 245,000, kuma tun shekarun 1960 yawansu ke ninkawa kusan duk shekara goma. Bayan shekara goma wani binciken ya ƙirga sama da 500.

Inda nake so mu tsaya mu daɗe shi ne Tekun Meksiko, daura da gaɓar jihar Louisiana a Amurka, domin a nan ne aka yi abin da mu muka kasa: aka auna, aka sake aunawa, ba a gaji ba. Tun 1985 Nancy Rabalais da abokan aikinta suke fita da jirgin ruwa a tsakiyar bazararsu, wajen ƙarshen watan Yuli, suna bin layuka iri ɗaya suna saukar da na'ura zuwa ƙasan teku. Ku dubi abin da jerin nan ya nuna. A 1988 an yi fari a Amurka, Mississippi ya ja baya, mataccen yankin ya kusa ɓacewa, bai wuce murabba'in kilomita 40 ba. A 1993 aka yi babbar ambaliya, ya haura 17,000. A 2002 ya kai wajen 22,000. A 2017 aka sami mafi girma tun fara awo, murabba'in kilomita 22,720, wato ya fi jihar Kano faɗi. Ruwan kogi ya yi yawa, mutuwa ta faɗaɗa; ya ragu, ta tsuke. Wanda duk ya ce ba daga tudu cutar take zuwa ba, sai ya fara ƙaryata wannan jeri tukuna.

Daga ina kogin yake ɗauko kayan? Mississippi da rassansa suna kwashe ruwan kusan kashi 41 cikin ɗari na babban yankin Amurka, daga jihohi 31. Binciken hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ya ɗora fiye da kashi 70 cikin ɗari na naitirojin da fosfaros ɗin da ke isa teku a kan noma da kiwo, musamman gonakin masara da waken soya na su Iowa da Illinois da Indiana. Manomin da ya zuba takin yana nesa da teku da fiye da kilomita dubu, wataƙila bai taɓa ganinsa ba. Mai kamun jatan lande a Louisiana shi ke biyan bashin, yana ƙona mai yana nisa kafin ya sami abin kamawa. Akwai kuma wani abu da ɗalibai ke yawan mantawa: ruwan kogi ba shi da gishiri, ya fi na teku sauƙi, sai ya kwanta a sama kamar murfi a kan tukunya, iskar sama ba ta isa ƙasa har sai guguwa ta zo ta gauraya su.

Sai ku ji yadda gyara ya kasance. An kafa kwamitin gwamnatin tarayya da jihohi a 1997. A 2001 suka yi alkawarin rage yankin zuwa ƙasa da murabba'in kilomita 5,000 kafin 2015. Shekarar ta zo ba a kai ko kusa ba, aka ɗage wa'adin zuwa 2035, kuma matsakaicin shekarun nan ya ninka abin da aka yi niyya fiye da sau biyu. Dalili a fili yake: an bar wa manomi zaɓi, in ya ga dama ya rage, in bai ga dama ba shi ke nan. Ƙasa mai kuɗi, mai jiragen bincike, mai bayanan kimanin shekara arba'in, ta kasa warkar da abin da ta bari ya yi jijiya. Mu da ba mu kai ta a ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, hanyarmu ɗaya ce, mu hana shi farawa.

Wurin da aka ga babban mataccen yanki ya farfaɗo da sauri shi ne arewa maso yammacin Baƙin Teku, inda kogin Danube ke zuba. Ba dabarar kowa ba ce. Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta suka rushe, takin zamani ya gagari manoma, manyan gidajen kiwon dabbobi suka rufe, cikin 'yan shekaru ruwan ya soma numfashi. Ba wanda zai yi wa ƙasarsa fatan irin wannan magani.

Na san abin da wasu a ɗakin nan za su ce, don sun sha faɗa mini. Wai wannan ciwon masu ƙoshi ne, mu takin ma bai ishe mu ba, ko kilo 50 a kadada da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2006 ba mu kai ba. Gaskiya ne, kuma ban taɓa cewa manomin Giwa ko na Bakori ya rage taki ba. Amma ruwa ba ya tambayar naitirojin daga wane buhu ya fito. Kashin gari da ba a tace ba, jini da tumbin mayanka, ruwan majema, duk aikinsu ɗaya. Wanda ya tsaya a bakin tafkin Korle a Accra, ko ya ga wasu lungunan tafkin Ebrié a Abijan, ko ya bi rafin Jakara har zuwa madatsar Wasai, ba ya buƙatar na'ura. Wasu kuma su nuna taswirar Diaz su ce ga gaɓar Afirka ta Yamma kusan wayam. Amma taswirar nan inda aka auna kawai take nunawa. Kada mu manta kuma cewa ruwan Kaduna da Rima da Binuwai duk Kwara yake faɗawa, ya gangara Tekun Gini, na Kano da Haɗeja kuma ya nufi Tafkin Cadi, wanda ba shi da mafita ko ɗaya.

To, ina kiwon kifi ya shigo? Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a 2022, karon farko a tarihi, dabbobin ruwa da aka kiwata sun fi waɗanda aka kamo yawa: tan miliyan 94.4, kashi 51 cikin ɗari. Asiya ce ke da kusan kashi tara cikin goma na wannan kiwo, Afirka kuwa kimanin kashi 2 cikin ɗari, kuma Masar ce ta kwashe mafi yawansa da karfasarta. Mu muna kan gaba a duniya wajen tarwadar Afirka. Sana'ar za ta ci gaba da girma ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Ginshiƙanta sanannu ne: iri mai kyau, abinci, ruwa, yawan da aka zuba a rami, da kasuwa. A horon da ake ba matasanmu, iri da abinci ke cinye lokaci, domin abinci kaɗai yana lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa. Ruwa kuwa jumla ɗaya ake ba shi: in ya yi wari ka sauya. Alhali ramin kifi shi ne ƙaramin Tekun Meksiko. Ruwan da ya kai zafin digiri 30 ba ya riƙe fiye da kimanin miligiram 7.5 na oksijin a lita ko da ya ƙoshi da iska. Da rana gansakuka na ƙara masa, da dare ita da kifi da bakteriya duk su koma shaƙa, sai asuba ta yi ya kai ƙasa. Shi ya sa mai karfasa ke tarar da kifinsa a sama suna haki da sassafe. Tarwada ita ce ta ruɗe mu. Allah Ya ba ta wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka tana rayuwa a ruwan da zai kashe karfasa. Mai rami ya ga kifinsa na motsi ya ce lafiya lau, ya buɗe famfo ya sake wannan ruwa cikin kwata, ya bi ta unguwa, ya faɗa rafin da kifinsa ba su da irin wannan baiwa.

Ga lissafin da nake so kowane ɗalibi ya rubuta. A ce za ka fitar da tan ɗaya na tarwada, kuma kai gwani ne, kilo 1,300 na abinci ya ishe ka. A ce furotin ɗin abincin kashi 40 cikin ɗari ne: kilo 520 ke nan. Kashi 16 cikin ɗari na furotin naitirojin ne, wato kilo 83 ka zuba a rami. Kifin da ka kai kasuwa, tan guda, furotin ɗin jikinsa bai wuce kilo 170 ba, naitirojin ɗinsa kilo 27. Ina sauran kilo 56? Sun fita ta matsatsin kifi a matsayin amoniya, sun fita a kashi, sun narke a ragowar abincin da ba a ci ba. Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin kilo 23 ke cikinsa. Ke nan duk tan ɗaya na tarwada, kusan buhu biyu da rabi na yuriya mai rami ya saya da kuɗinsa ya tura kwata. Ƙasar nan na kiwon sama da tan 250,000 a shekara. Ku ninka da kanku, ku ma raba biyu don waɗanda ba sa ba da abincin kamfani. Abin da ya rage dubban ɗaruruwan buhuna ne, a ƙasar da manomi ke sayar da akuya don ya sayi buhu ɗaya. Kuma shirin da ake yi shi ne a ninka kiwon sau da yawa.

Wannan lissafi ne ya sa ba na karɓar zancen cewa doka za ta kashe ƙaramin mai kiwo. Ba injin tace ruwa na miliyoyi nake nema masa ba. Abu na farko da na daɗe ina kira a kai shi ne a daina ba da rance ko tallafin kiwon kifi sai mai nema ya nuna inda ruwansa zai je, kuma amsar da ta fi kowace sauƙi a arewa ita ce lambu. Ramin kifi a sama, ƙaramin ramin da laka za ta kwanta a tsakiya, fadamar alayyafo da tumatir da masarar rani a ƙasa. Manoman kudancin Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwashe lakar ramin kifi suna zuba wa itatuwan da suke ciyar da tsutsar siliki. Gabashin birnin Kalkata a Indiya ya ma juya abin, ruwan dattin gari ne ke ciyar da ramukan kifi da gonakin kayan lambu. Mu kuwa muna jera tankunan kankare a tsakiyar unguwa, nesa da kowace shuka. Gandun kifin da gwamnatocin jihohi ke shirin ginawa, wurinsu gefen filayen noman rani ne, irin su Kadawa da Bakolori, ba bayan gari inda aka sami fili mai arha ba.

Na biyu, na'urar auna oksijin ta zama cikin kayan aikin kowane malamin gona da aka tura wa masu kifi, kuma a koya masa ya auna da asuba, ba da azahar ba lokacin da ruwa ke kan ganiyarsa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da cibiyar binciken teku da ke Legas a ware musu kuɗin da ba a taɓawa, su zaɓi tashoshi tsayayyu a Kainji da Lakwaja da bakin Neja Delta da tafkin Legas, su auna a wuri ɗaya, a wata ɗaya, kowace shekara, su buga sakamakon kowa ya gani. Tunda an kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, ga aikin da ya kamata ta fara da shi. Mu ma a jami'o'i da laifinmu: ɗalibi ya ɗebi ruwa wata uku, ya rubuta kundi, a ajiye a kanta, na bayansa ya tafi wani rafin dabam. Sashe ɗaya da zai riƙe kogi ɗaya shekara ashirin ya fi kundi ɗari irin waɗannan amfani.

Na ƙarshe shi ne kejin kifi a madatsun ruwa, wanda na ga masu zuba jari sun fara kwaɗayinsa. Keji ba shi da magudanar da za a karkatar zuwa lambu. Kilo 56 ɗin nan kai tsaye yake sauka ƙarƙashinsa. A tafkin Taal na ƙasar Filifin an cika kejuna fiye da ƙarfin ruwan, a 2011 ɗaruruwan tan na kifi suka taso matattu cikin 'yan kwanaki. Tiga da Challawa ruwan shan mutanen Kano ne. Kada hukuma ta sa hannu a kan lasisin keji ko ɗaya a cikinsu sai an auna zurfi da gudun ruwa da oksijin ɗin ƙasa a watannin Afrilu da Mayu, an fitar da adadin tan ɗin da madatsar za ta iya ɗauka, an rubuta adadin a jikin lasisin, tare da sunan jami'in da zai riƙa zuwa yana ƙirga kejunan.